Filadelfiya: Sun Kori Gidan Caca, Sun Kasa Riƙe Asibiti



Yau labarin nawa ba na gida ba ne, na wani birni ne a Amurka mai suna Filadelfiya, cikin jihar Fensilbaniya. Kada mai karatu ya ce me ya haɗa mu da su. Abin da ya ja hankalina shi ne, waɗanda suka ja ragamar gwagwarmayar da zan ba da labarinta baƙi ne kamar mu, masu unguwarsu ta kansu a tsakiyar garin wasu, da yarensu da abincinsu da dattawansu. Sinawa ne, unguwar tasu kuma ana ce mata Chinatown. Duk wanda ya taɓa zama a Sabon Ibadan ko Agege ko Shagamu ya san yadda abin yake: a bar wa baƙo wurin da ba wanda ya damu da shi, shekaru su ja, filin ya yi daraja, sai kuma a fara yi masa kallon wanda ya tare wa gari hanya.

A tsakiyar wannan birni akwai wurare biyu da tafiyar da ke tsakaninsu ba ta wuce ta minti 15 a ƙafa ba. Na farko wata babbar kasuwar zamani ce a titin Market, wadda a da ake kira Gallery. Na biyu asibitin Hahnemann ne, a mahaɗar titin Broad da titin Vine. Unguwar Sinawa tana maƙale a tsakaninsu. A 2008 aka so a dasa gidan caca a wuri na farko, jama'a suka tashi, ba a dasa ba. A 2019 aka ce za a rufe wuri na biyu, jama'a suka sake tashi, har da manyan 'yan siyasa, amma aka rufe. Gari ɗaya, kusan mutane ɗaya, me ya sa aka ci wannan aka faɗi wancan?

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane. Asalin unguwar wani shagon wanki da guga ne da wani Basine ya buɗe a titin Race wajen 1870. A 1882 Amurka ta yi dokar hana ma'aikatan Sin shigowa ƙasar, dokar da ba a soke ba sai 1943, don haka unguwar ta daɗe tana zaman gwagware, kamar yadda zangunanmu da yawa suka fara. Sai daga baya iyalai suka yawaita. A 1941 aka buɗe musu cocin Katolika da makaranta mai suna Holy Redeemer, wurin ya zama cibiyar unguwa: nan yara ke karatu, nan ake wasa, nan ake taro, har waɗanda ba Kiristoci ba.

A 1966 gwamnati ta fito da zanen wani ƙaton titi da zai bi ta kan Vine, zanen kuma ya ratsa ta tsakiyar cocin da makarantar. A nan ne wata mata mai suna Cecilia Moy Yep, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta shiga tarihi. Ana rushe gidajen maƙwabtanta ita kuwa ta ƙi fita daga nata. Ita da wasu suka kafa kwamitin da ya zama ƙungiyar raya unguwar, wato Philadelphia Chinatown Development Corporation. A 1973 matasa suka hau kan tarin ɓaraguzai suka tare katafila. Amma abin da ya fi yi musu aiki wata sabuwar dokar tarayya ce da ta wajabta a yi binciken illar kowane babban aiki ga muhalli da jama'a kafin a zuba kuɗin tarayya a ciki. Suka dage sai an yi wannan bincike. Aiki ya tsaya shekara da shekaru. Titin dai an yi shi, an gama a 1991, amma an rage shi, coci da makaranta suka tsira, ko da yake ya raba unguwar gida biyu har yau.

Darasin da suka ɗauka daga nan shi suka yi ta aiki da shi: in ba ka da ƙarfin hana abu, nemi hanyar jinkirta shi. A 2000 magajin gari John Street ya zaɓi gefen unguwar don gina filin wasan besbol. Masu shaguna da gidajen abinci suka kulle ƙofofinsu a wani yini cikin watan Yuni, aka fito tituna yara da tsofaffi. Kafin shekarar ta ƙare aka janye, aka kai filin kudancin birnin. A yankin da aka so a gina shi ne wata ƙungiyarsu mai suna Asian Americans United, wadda aka kafa a 1985, ta haɗa hannu da wasu suka kafa makarantar yara daga baya.

To, sai maganar caca ta taso. Yadda aka yi dokar ma abin dubawa ne. Wani ɗan ƙaramin ƙuduri ne mai layi 33 a kan binciken ma'aikatan filin sukuwa. Aka cusa masa shafi kusan 145, aka zartar da shi cikin dare a hutun bikin 'yancin kai na watan Yulin 2004, gwamna Ed Rendell, wanda tsohon magajin garin Filadelfiya ne, ya sa hannu. Dokar ta halatta na'urorin caca har 61,000 a wurare 14 a faɗin jihar, biyu daga ciki a Filadelfiya. Hujjarsu ita ce, 'yan jihar na kwasar kuɗinsu suna kaiwa Atlantic City a maƙwabciyar jiha, inda aka buɗe gidajen caca tun 1978, gara a tare kuɗin a gida a rage wa jama'a haraji. Fiye da rabin ribar na'urorin ma gwamnati ce za ta karɓa. Ka ga kuwa wanda ke da rabi a cikin ciniki, da wuya ya zama alƙalin da zai hana shi.

A ranar 20 ga Disamba 2006 hukumar kula da caca ta jihar ta ba kamfanoni biyu lasisi, kowanne a kan dala miliyan 50: SugarHouse a unguwar Fishtown, da Foxwoods a kudancin birnin, dukansu a bakin kogin Delaware, dukansu kuma daf da gidajen mutane. A wancan lokacin ba Sinawa abin ya shafa ba tukuna. Mazauna bakin kogi ne suka kafa ƙungiya mai suna Casino-Free Philadelphia, kuma gaskiya sun iya dabara. Da hukumar ta ƙi fito da takardun da ta dogara da su, sai suka sa mata wa'adi, da ya cika suka tafi ofishinta a Harrisburg suka ce sun zo neman takardun jama'a da kansu. Aka kama mutum 14, kotu ta sallame su. Daga nan suka tara sa hannun mutum kusan 27,000 don a yi ƙuri'ar raba gardama a kan cewa kada a gina gidan caca a ƙasa da ƙafa 1,500, wato kimanin mita 450, daga gida ko makaranta ko wurin ibada. Majalisar birni ta amince a sa tambayar a zaɓen Mayun 2007, sai kotun ƙolin jihar ta hana. Me suka yi? Suka kafa akwatunan zaɓensu a bakin rumfunan zaɓe na gwamnati. Sama da mutum 13,000 suka jefa, kashi 95 cikin 100 suka goyi baya. Ƙuri'ar ba ta da ƙarfin doka ko kaɗan, amma duk mai neman kujera a garin ya ga adadin.

Michael Nutter ya hau kujerar magajin gari a Janairun 2008 yana adawa da wuraren biyu na bakin kogi. Takardun izini suka yi ta maƙalewa. Sai a watan Satumba na shekarar aka tara 'yan jarida, ga gwamna ga magajin gari, aka ce an sami mafita: Foxwoods zai bar bakin kogi ya koma kasuwar Gallery. Wato a ɗauke shi daga ƙofar wasu a ajiye a ƙofar Sinawa, tazarar layi ɗaya ko biyu. Shugaban kamfanin da ya mallaki kasuwar, Ron Rubin, gidauniyar iyalinsa na cikin masu hannun jari a aikin gidan cacar. Ka ji fa.

Masu shirin sun san abin da suke yi. Shekaru da dama motocin safa na tashi daga unguwannin Sinawa a biranen gabashin Amurka suna kwasar mutane zuwa gidajen caca, ana ba su takardar abinci da 'yan kuɗin fara wasa. Akasarin fasinjojin tsofaffi ne da masu aikin kicin a gidajen abinci, mutanen da ba su jin Turanci sosai, waɗanda suke tashi aiki tsakar dare ba su da wurin zuwa. Mutanen unguwar ba sai an kawo musu wani bincike ba, kowa ya san gidan da caca ta rusa da shagon da aka sayar aka biya bashi. Mu ma da muke ganin rumfunan loto da na cacar ƙwallo suna tsirowa a bakin tashoshi da kasuwannin da yaranmu ke nema, mun san ba a banza ake zaɓar wurin ba.

Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya a kan cewa a kai wa wasu ba. Suka haɗa gamayya da limaman coci na baƙaƙen fata da na Turawa, da ɗalibai, da mutanen bakin kogi waɗanda da sun so sai su ce Allah raka taki gona tunda an ɗauke musu. A ranar 1 ga Nuwamba 2008, wata Asabar, ɗaruruwan mutane suka taka daga unguwar zuwa zauren majalisar birni, tsofaffi suka yi ta ba da shaida da yarensu ana fassarawa. Duk da haka kansiloli suka zartar da dokar ba da izinin wurin a cikin watan, magajin gari ya sa hannu. A takarda dai an kayar da su.

Amma ba a sa bulo ko ɗaya ba. A farkon 2009 kamfanin ya sake canza shawara, ya ce tsohon ginin kantin Strawbridge zai shiga, nan kusa dai. Ana cikin haka tattalin arzikin duniya ya karye, ƙabilar Mashantucket Pequot ta jihar Connecticut, masu asalin sunan Foxwoods, bashin da ya haura dala biliyan 2 ya yi musu katutu, bankuna kuma suka ɗaure bakin jaka. A watan Agustan 2009 hukumar caca ta ce su koma wurinsu na farko a bakin kogi. Attajirin caca na Las Vegas, Steve Wynn, ya shigo a farkon 2010 kamar zai ceto aikin, bayan 'yan makonni ya zare hannunsa. A Disambar 2010 aka ƙwace lasisin.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin masu ba da irin wannan labari sun cika ƙara gishiri. Ba zanga-zanga kaɗai ce ta kashe Foxwoods ba, rashin kuɗi ne ya ƙarasa shi. Abin da jama'a suka yi shi ne sun riƙe masa ƙafa shekara biyu, daga 2006 zuwa 2008, har guguwar ta same shi a fili bai gina komai ba. Da an bar shi ya fara gini a 2007 da wani labarin ake yi. Sannan cacar ba ta bar garin ba. SugarHouse ya buɗe a Fishtown a Satumbar 2010 duk da mutanen da suka zauna a ƙofar wurin ginin aka kama su. Lasisin da aka ƙwace ma an sake bayar da shi a 2014, aka buɗe wani gidan cacar a kudancin birnin a 2021. Unguwar Sinawa ce ta tsira, ba birnin ba.

Yanzu mu juya ga asibiti. Filadelfiya ta taɓa mallakar babban asibitin gwamnati na kowa da kowa, Philadelphia General, wanda asalinsa gidan marasa galihu ne tun ƙarni na 18. A 1976 magajin gari Frank Rizzo ya ba da sanarwar rufe shi, wai ginin ya tsufa, kuma tunda an kawo tsarin Medicare na tsofaffi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi a 1965, talaka na iya zuwa asibitin kuɗi gwamnati ta biya. Ma'aikata suka yi zanga-zanga. A shekarar ce kuma fiye da mutum 200,000 suka sa hannu a takardar neman a tsige shi, saboda wannan da ƙarin haraji da wasu dalilai, kotun ƙolin jihar ta yi watsi da ita. A 1977 aka rufe asibitin. Tun daga nan nauyin talakawan birnin ya koma kan wasu 'yan asibitoci masu zaman kansu, Hahnemann na cikinsu.

Shi Hahnemann ya samo asali ne daga wata kwalejin likitanci da aka kafa a 1848. Gado 496 gare shi, sashen gaggawarsa na karɓar mutum sama da 50,000 a shekara, yawancin majinyatansa kuma talakawa ne da gwamnati ke biya wa, wanda kuɗinsu bai kai na masu inshorar kamfani ba. Ya sha canza hannu: wata ƙungiya mai suna Allegheny ta karɓe shi a 1993 ta karye a 1998, kamfanin Tenet ya saya. A Janairun 2018 wani ɗan kasuwar hada-hadar kuɗi daga Kalifoniya, Joel Freedman, ya saye shi haɗe da asibitin yara na St. Christopher's a kan dala miliyan 170. Wajen cinikin aka yi wani abu da mutane ba su lura da shi ba sai daga baya: aka raba asibitin da filin da yake kai, aikin jinya a hannun kamfani ɗaya, gine-gine da fili a hannun wasu kamfanonin daban.

A Afrilun 2019 aka sallami ma'aikata 175, mai asibitin ya ce yana asarar dala miliyan 3 zuwa 5 kowane wata. Ranar 26 ga Yuni aka ce za a rufe. Bayan 'yan kwanaki aka kai kamfanin asibitin kotun da ke duba kamfanonin da suka karye, amma filin, wanda ke tsakiyar gari kusa da zauren majalisa, ba ya cikin kayan da masu bin bashi za su taɓa. Shi ya sa mutane da yawa suka yi zargin dama filin ake so. Shi dai ya musanta, ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Allah Shi ne masani.

Ma'aikata wajen 2,500 abin ya shafa, da likitoci masu neman ƙwarewa kimanin 570, adadin da ba a taɓa watsar da irinsa a lokaci guda ba a tarihin Amurka. Gommai daga cikinsu baƙi ne da bizarsu ke rataye da aikin, in ba su sami wani asibitin da wuri ba sai barin ƙasa. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta yi ta fitowa kan titin Broad. Ranar 15 ga Yuli Sanata Bernie Sanders, yana tsakiyar neman takarar shugaban ƙasa, ya zo ƙofar asibitin ya yi jawabi. 'Yar majalisar birni Helen Gym, wadda da ita aka yi yaƙin gidan caca tana cikin Asian Americans United, tana sahun gaba. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta rubuta takardar cewa kada a rufe sai da tsarin da ta amince da shi. Duk wannan bai hana komai ba. Aka rufe ɗakin haihuwa a Yuli, sashen gaggawa a tsakiyar Agusta, zuwa farkon Satumba an gama. Daga sanarwa zuwa kwaɗo, mako 10 ne kacal.

Ni dai a ganina bambancin yana nan. Mai son gina abu a gari yana bukatar hannun mutane da yawa: lasisi, canjin dokar fili, izinin hanya, bashin banki, ƙuri'ar kansila. Kowace ɗaya ƙofa ce da talaka zai iya zama a bakinta, kuma kowane wata da ya wuce mai kuɗi ne ke asara. Mai son rufe abu kuwa ba ya bukatar kowa. Ya daina biyan masu kawo magani, likitoci su fara neman wani wuri, motocin ɗaukar marasa lafiya su juya, asibitin ya mutu da kansa tun takardar gwamnati na kan tebur. Jinkirin da ya zama makami a yaƙin farko, a na biyu majinyata yake ci. Hanya ɗaya ce ta ceto shi, wani ya zuba kuɗi ya karɓa. Gwamna Tom Wolf da magajin gari Jim Kenney sun yi alkawarin har dala miliyan 15 don kula da majinyata, amma suka ƙi zuba kuɗin jama'a a aljihun mai shi, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Asibitin yaran ya tsira ne don an sami masu saye, jami'ar Drexel da Tower Health, a kan dala miliyan 50.

Akwai kuma wani abu. Unguwar Sinawa ta shiga yaƙin 2008 da ƙungiyoyi masu shekara 20 da 40, da mutanen da suka san lambar wayar juna, suka san wane kansila ake zuwa wa da wane lauya. Majinyatan Hahnemann kuwa ba unguwa ɗaya ba ce. Wannan daga arewacin birni, wancan marar gida ne mai kwana a titi, waccan mai ciki ce da ba ta san wadda ke gadon kusa da ita ba. Ma'aikata ne ke da ƙungiya, su kuma dole kowa ya nemi inda zai ci abinci kafin wata ya ƙare. Ranar da aka ba da sanarwa ba ranar fara haɗa kai ba ce, kuma cinikin da ya raba asibitin da filinsa an yi shi wata 17 kafin nan ba wanda ya ɗaga kwali. A ƙarshen 2019 majalisar birni ta yi dokar cewa duk asibitin da zai rufe sai ya ba da sanarwar kwana 180. Ihu bayan hari.

Wata 6 da rufewar sai ga annobar korona. A Maris 2020 hukumomin birnin suka nemi a ba su ginin da ke kulle su kwantar da majinyata. Mai shi ya nemi kusan dala miliyan 1 a wata, haya da kuɗin kula da gini. Aka watse ba a daidaita ba, jami'ar Temple ta ba da zauren wasanninta kyauta aka jera gadaje a ciki.

Ita kuwa tsohuwar kasuwar Gallery ba ta bar Sinawa sun huta ba. A Yulin 2022 ƙungiyar ƙwallon kwando ta 76ers ta ce a nan za ta gina zauren wasa na dala biliyan 1.3, daidai wurin da aka so sa gidan caca. 'Ya'yan waɗanda suka yi yaƙin 2000 da na 2008 suka karɓi tuta. A Disambar 2024 majalisar birni ta amince da ƙuri'a 12 da 5, aka fitar da masu zanga-zanga daga zauren. Ba a yi wata guda ba, a Janairun 2025, ƙungiyar da kanta ta fasa, ta daidaita da kamfanin Comcast Spectacor za ta zauna a kudancin birnin.

A shekarar 2025 ɗin dai, a garin Chester da ke kudu da Filadelfiya kaɗan, garin talakawa ne akasari baƙaƙen fata, kamfanin Prospect Medical ya karye, aka rufe asibitin Crozer-Chester da mutanen garin suka dogara da shi a farkon watan Mayu, mako guda bayan rufe ɗan'uwansa asibitin Taylor. Nan ma ma'aikatan jinya sun yi gangami, 'yan siyasa sun yi jawabi. Gidan cacar Harrah's da aka buɗe a bakin kogin garin a 2007, ƙarƙashin waccan doka ta 2004, yana buɗe a ranar da aka kulle asibitin.